Tare sanyi a ƙarƙashin daɓen katako ba tare da an yi wa ɓera shimfiɗa ba

A tsofaffin gidajen Ingila, musamman na zamanin Sarauniya Biktoriya, daɓen ƙasa katako ne da aka ɗora kan dogayen katakai na kwance, kamar yadda ake jera azara a rufin soro. Ƙarƙashinsa fili ne da iska ke ratsawa ta bulo masu huji a jikin bango. Ta nan sanyin hunturu ke hawowa. Sai dai audugar da ake cusawa don tare shi, ita ce makwancin da ɓera ke nema.

Saboda haka da ɓera za ka fara, ba da auduga ba. Ɗaga katako ka haska tocila: kashi, fatar waya da aka gwaigwaya, ramuka a gindin bango. Kafa tarko har sai ya daina kamawa. Guba ba ta da amfani a nan, don wanda ya ci ya mutu a lungu, warinsa kai zai dama. In manyan ɓeraye ne, galibi ta fasasshen bututun bahaya suke shigowa. Kira mai duba bututu da kyamara, a gyara, a sa wa bututun murfin ƙarfe mai buɗewa ta gefe ɗaya kawai, ruwa ya fita amma ɓera bai samu shiga ba.

Ƙaramin ɓera yana kutsawa ta kafar milimita 6. Duk inda bututu ko waya ta ratsa bango, cusa soson ƙarfe ka bi da siminti. Kumfar feshi ta toshe kafa ita kaɗai ɓata kuɗi ne, cinye ta suke yi. Bulo masu huji kuwa kada ka kuskura ka toshe su. Iskar nan ce ke busar da katako. In ta tsaya, laima ta taru, ruɓa ta shiga. A rufe su da ragar ƙarfe marar tsatsa wadda idonta bai wuce milimita 6 ba, a riƙa share ta, domin ƙura da yanar gizo suna rage iska.

Auna danshin katakan kwance da na'ura. In ya kai kashi 20 cikin 100, dakata, nemo inda ruwa ke shiga.

Yanzu sai auduga. Tazarar katakan kusan milimita 400 ce. Shimfiɗa ƙyalle mai barin tururi ya wuce, ya sauka tsakaninsu kamar aljihu, ka kafe shi da ƙusa. Zuba audugar dutse, wato wadda ake yi da narkakken dutse, mai kaurin milimita 100 zuwa 150, a yanka ta da ɗan ƙari don ta matse gefe da gefe, amma ban da dannewa, iskar cikinta ce ke aikin. Inda ake iya rarrafawa, a ƙara ragar ƙarfe daga ƙasa, bakin kowace ya hau na 'yar'uwarta, har jikin bango. A bar aƙalla milimita 150 tsakanin auduga da ƙasa. Leda daga ƙasa kuskure ne, tana tare tururi ya jiƙa katako; wurinta sama ne, ƙarƙashin katakon takawa, a liƙe bakinta da tef.

Wayar lantarki ta bi ta ƙarƙashin auduga, don wadda aka binne tana ɗaukar zafi. Bututun ruwa kuma a naɗe shi, tunda filin zai ƙara sanyi bayan an sa auduga, ƙanƙara na iya fasa shi. Sa takunkumi da safar hannu, sannan ka bar ƙaramar ƙofa a daɓen don leƙawa kafin kowane hunturu.