Laftof ko biro: abin da nake gaya wa iyayen sabbin ɗalibai

Da zarar an fara rajistar sabbin ɗalibai, wayata ba ta hutawa. Ina da shagon buga takardu a titin Gwarzo, daf da sabon matsugunin Jami'ar Bayero, kuma a jami'ar na yi karatu, shi ya sa dangi ke tuntuɓata kan duk abin da ya shafi kwamfuta. Makon jiya Gwaggo ta kira ni daga Gwammaja, muryarta a sanyaye. Autarta ta samu gurbi a sashen nazarin zamantakewa, ta dawo gida tana cewa ƙawayenta duk an saya musu laftof. "Ɗana," in ji Gwaggo, "ko in sayar da tunkiyar nan?" Na ce, "Gwaggo, bar tunkiyarki ta haihu tukuna."

Tambayar farko ita ce, me yaron zai karanta? Idan kimiyyar kwamfuta ce, ko injiniyanci, ko zanen gine-gine, a ƙoƙarta a saya da wuri. Ba a koyon Python (yaren rubuta manhaja) ko AutoCAD (manhajar zane) da kallon kafaɗar wani, sai hannunka ya taɓa, ka yi kuskure, ka gyara. Amma mai karanta shari'a, Hausa, tarihi, ilimin addinin Musulunci ko koyarwa, littafi da biro da wayar da ke buɗe PDF sun ishe shi aji ɗaya da aji biyu. Handawut da sanarwa duk a zauren WhatsApp na aji ake turo su.

Abin da ke ruɗar iyaye shi ne JAMB, wadda tun 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya, sai a zaci jami'a ma haka take. Jarrabawar kwasa-kwasan sashenka kuwa, mafi yawansu takarda za a miƙo maka, ka zauna awa biyu ko uku kana rubutu. Hannun da bai saba ba, a tambaya ta uku yake fara ciwo, rubutun ya cakuɗe, malami ya kasa karantawa. Rubutun da kake yi a aji kullum, shi ne atisayen wannan ranar.

Sannan ka duba ɗakin lakca na 'yan aji ɗaya. Mutum ɗaruruwa, wasu a tsaye a bakin taga, soket ɗaya ko biyu a bango an yi musu layin wayoyi, ga zafin watan Afrilu. Ina za ka ɗora laftof?

Ga yadda na riƙa yin nawa rubutun. Kowane kwas da littafinsa, kada ka gwamutsa biyu don tsimin kuɗi, za ka biya a lokacin jarrabawa. Ka ja layi daga sama zuwa ƙasa, ka bar fili kamar faɗin yatsu uku a gefen hagu. A babban ɓangaren ka rubuta ma'anar abin da malam ya faɗa da kalmominka, ban da ma'anoni da ƙa'idojin da dole a kwafe su yadda suke. In ka ji ya maimaita abu sau biyu, ko ya ce "ku lura da wannan", sa tauraro. Bayan sallar isha'i, a daren ranar, ka buɗe ka cike guraben da ka tsallake tun maganar na kunnenka, ka rubuta tambaya ɗaya ko biyu a wancan filin na hagu. Lokacin bita sai ka rufe dama da tafin hannu, ka amsa tambayoyin da ka. Ni har da Hausa nake fassara wa kaina abin da ya yi tsauri a gefen, kuma shi ne ya fi zama a kaina.

Ɗabi'ar ɗaukar allo a hoto ita ce ke ba ni takaici. Ana kawo min wayoyi a shago da hotunan allo fiye da ƙima, mai wayar bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ka rubuta tukuna. Daga baya, duk ƙarshen mako, ka ɗauki hoton shafukan littafinka, saboda ranar da aboki zai ara bai dawo da shi ba, ko ruwan Agusta ya jiƙa jakarka a adaidaita sahu.

Laftof tana zama dole a ƙarshen aji biyu ko farkon aji uku, lokacin da aka shiga darasin hanyoyin bincike, ana maganar SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, da furojet, wato binciken kammala digiri. Gaskiya zan faɗa ko da za ta rage min ciniki: ɗalibin da ke kawo furojet da hannu a buga masa yana biya shafi-shafi, kuma duk gyaran da sufabaiza ya yi da jan biro sai ya sake dawowa. Kafin lokacin, ka koyi bugu da yatsu goma a kowane kafe. Masu nazarin Hausa su sa kibod ɗin Hausa da ke cikin Windows, don ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai.

In lokacin saye ya zo, a titin Beirut ko Farm Centre za ka samu na hannu masu kyau. Tafi da wanda ya san kan abin. Nemi irin waɗanda ofisoshi ke amfani da su, HP EliteBook, Dell Latitude ko Lenovo ThinkPad, mai Core i5, RAM 8GB da SSD 256GB. Ka tabbata Core i5 ɗin, wato ƙwaƙwalwar na'urar, zubi na takwas (8th Gen) ce ko sama, domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025, kuma Windows 11 daga wannan zubin take farawa. Farashi yana bin dala, ka zaga shaguna uku kafin ka ciro kuɗi.

Kada ka yi gaggawa irin tawa. Ta farko da na saya, na ga fes take sai na biya, ban cire cajar ba. A gida batirin bai kai minti ashirin ba, mai shagon kuma ya ce ba mu yi da shi za a dawo ba. Saboda haka a cire caja a gabanka, ka zauna rabin awa kana kallon yadda batirin ke sauka. Danna kowane maɓalli, buɗe farin shafi ka duba tabo a sikirin, gwada kowace kafar filash, da kyamara, da wayifai. A rubuta maka rasit mai lambar jikin na'urar da kwanakin da za ka iya mayarwa. Bayan nan, duk babin da ka gama ka tura wa kanka ta imel ko ka ajiye a Google Drive, wanda ke ba da 15GB kyauta. Na ga 'yar aji huɗu tana kuka a bakin shagona, an sace jakarta da babi huɗu a ciki, ba kwafi a ko'ina.

Ita dai autar Gwaggo, littattafai takwas muka saya mata, da kwalin biro, da fawa-bank. Duk Asabar da safe tana zuwa shago in ba ta kwamfutar kusa da ƙofa ta yi awa ɗaya tana koyon bugu. Gwaggo kuma ta shiga adashe, ta roƙi uwar adashe a bar mata kwasar ƙarshe.