Yadda Masu Zane Za Su Shirya Cinikin Taimakon Juna Ba Tare da Kowa Ya Cutu Ba

Kuɗin mai zane ba ya zuwa a lokacin da ake buƙatarsa. Shi ke sayen fenti da takarda da buroshi daga aljihunsa, ya yi makonni yana aiki, sannan ya zauna jiran mai saye. In ta ɗakin baje koli aikin ya fita, la'ada kan cinye kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na kuɗin, ragowar ma ba lallai ta shigo hannu a makon ba. Yawancin masu wannan sana'a ba su da fansho, ba su da hutun rashin lafiya, da yawa kuma haya biyu suke biya: ta gida da ta ɗakin aiki. Ranar da hannu ya samu rauni, ranar samu ya tsaya. Haka abin yake ga masassaƙi da mai ɗaukar hoto da mai ginin tukwane. Sai ka ga mutum da ayyukan shekara biyu jingine a bango, amma kuɗin magani ya gagare shi.

Shi ya sa masu zane kan haɗu su sayar da ayyukansu don tallafa wa juna. Dabara ce mai kyau, amma sau da yawa takan lalace tun a matakin farko, inda ake ce wa kowa ya ba da aiki kyauta. Wanda ake roƙo shi ma a matse yake. Ya yi asarar kayan aiki da lokaci, in kuma gwanjo aka yi aikin ya tafi a rabin kuɗinsa a bainar jama'a, ya yi asarar darajar sauran ayyukansa. A Amurka, tun dokar haraji ta 1969, mai zanen da ya ba da aikinsa sadaka kuɗin kayan da ya yi amfani da su kaɗai ake rage masa a haraji, ba darajar aikin ba. Ƙa'idar da duk sauran abin da ke ƙasa ya rataya a kanta ita ce: duk wanda aka sayar da aikinsa zai karɓi kaso mafi tsoka sai in shi da kansa ya zaɓi ya rage, saura ya tafi asusun taimakon juna da ɗawainiya, kuma a rubuta rabon kafin a sayar da ko takarda ɗaya.

Takardar yarjejeniya da rabon kuɗi

Ku fara da mutum takwas zuwa goma sha biyar. Ƙasa da haka ayyuka za su yi kaɗan, sama da haka a karon farko lissafi zai fi ƙarfinku. Ku rubuta shafi ɗaya da kowa zai sa hannu, a cikinsa a fayyace rabon kuɗi, wanda zai riƙe asusu, abin da ake kira larura, iyakar abin da mutum ɗaya zai karɓa, da ranar da za a biya kowa.

Rabon da ya fi zama daidai a mafi yawan lokuta shi ne: a kowane 100 da ya shigo, 60 na mai aiki, 30 na asusu, 10 na ɗawainiya. Wannan 10 ɗin kada a raina shi. Kamfanonin karɓar kuɗi ta kati ko intanet kan cire kusan kashi 3, ga salatif da kwali da kuɗin mota zuwa gidan waya. In ba a ware masa gurbi ba, daga aljihun mai shiryawa zai fita, kuma shi ne zai fara gajiya. Kuɗin aike kuma na mai saye ne, a rubuta shi daban da farashin aiki.

Akwai gyara ɗaya da muke ganin ya cancanci wahalarsa. A bar kowa ya zaɓi kason da zai bar wa asusu daga matakai uku, misali 10 ko 30 ko 50, ya faɗa wa ma'aji shi kaɗai. Wanda hayarsa ta ƙare zai zaɓi 10 ba tare da ya ji kunya ba, wanda Allah ya hore wa ya zaɓi 50. Babu wanda zai san na wani.

Wani tsarin ba ya ma buƙatar asusu. A watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta rufe ɗakunan baje koli, mai zane Matthew Burrows a Ingila ya ƙaddamar da Artist Support Pledge a Instagram: kowa ya sa ayyukansa a kan abin da bai wuce fam 200 ba, duk sanda cinikinsa ya kai fam 1,000 sai ya sayi aikin wani na fam 200. Kashi 20 ke nan ke komawa ga 'yan uwa, babu ma'aji, babu kwamiti. Rauninsa shi ne kuɗi na bin masu mabiya, wanda ba a san shi ba kuwa zai iya ƙare wata bai sayar da komai ba. In za ku ɗauki wannan tsari, ku ƙara masa sharaɗi: wanda ya cika alkawari ya saya daga cikin mutum ukun da suka fi ƙarancin ciniki a ƙungiyar.

Kada ku kama zauren haya a karon farko. A 1874 masu zane su Monet da Renoir da Degas da Pissarro da Berthe Morisot sun yi baje kolinsu na farko a Paris ƙarƙashin ƙungiyar haɗin gwiwa da suka kafa da kansu, amma kafin shekarar ta ƙare bashi ya sa aka rushe ƙungiyar. Ayyukan ba su da laifi, ɗawainiya ce ta fi ciniki. Ku yi a intanet, ko a ɗakin aikin ɗayanku, ko a wurin da aka ba ku aro.

Abin da za a sayar

Ƙananan ayyuka, ba manyan da kowa ke taƙama da su ba. Ku tsayar da girma ɗaya, misali A5, wato santimita 14.8 da 21, a kan takarda mai kauri mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, sannan ku sa farashi ɗaya ga kowa. Amfanin wannan uku ne. Babu taya, babu ragi. Kwali da ambulan iri ɗaya za a saya. Mafi muhimmanci, mai sayen da ya taɓa biyan kuɗi mai yawa a babban zanen mutum ba zai ji an cuce shi ba, domin wannan abu ne dabam da aka yi shi don wannan ciniki. Kowa ya kawo uku zuwa biyar.

In a cikinku akwai sanannu da waɗanda ba a sani ba, ku sa hannu a bayan takarda, a ɓoye sunaye sai an biya. Kwalejin zane ta Royal College of Art da ke Landan ta fara irin wannan cinikin na ƙananan katuna a 1994, inda aikin ɗalibi da na shahararre ke jere a farashi ɗaya. Mai saye yakan zaɓi abin da idonsa ke so, kuɗi ya bazu.

Bugaggun kwafi na da riba, amma da sharaɗi. A ƙayyade adadi, kamar 25, a rubuta lamba da fensir a ƙasan hagu (3/25), sa hannu a dama. Da zarar 25 ɗin sun ƙare, an gama, ko da mutum ɗari na jira. Ƙara bugu cin amanar waɗanda suka saya ne. Kada a buga duka a tashi ɗaya. A buga biyu na gwaji a duba launi, sauran a bi oda.

Abu biyu da ake mantawa. Wanda ke da yarjejeniya da ɗakin baje koli ya karanta ta tukuna, don wasu na hana sayarwa kai tsaye ko su nemi la'ada a kai. Sannan a rubuta a rasit cewa mai saye takardar ya saya, haƙƙin mallakar hoton na nan hannun mai zane, ba za a buga shi a riga ko kalanda ba sai da izini.

Fentin mai yakan bushe a sama alhali cikinsa ɗanye ne, don haka a rufe karɓarsa aƙalla wata guda kafin ciniki. Zanen gawayi da na alli mai launi kuwa sai an fesa masa maganin da ke kama ƙura, in ba haka ba rabin zanen a jikin ambulan zai isa.

Hoto da ranar ciniki

A ɗauki hoto da hasken rana a inuwa, ba filas, waya ta fuskanci aikin sosai kada ta karkace. Hoto biyu ya isa: ɗaya na aikin kaɗai, ɗaya a hannun mutum don a ga girmansa. A ƙarƙashi a rubuta lamba, girma, kayan da aka yi da shi, shekara da farashi.

Ku sanar makonni biyu kafin ranar, ku buɗe a sa'a ɗaya da kowa ya sani, ku rufe bayan kwana uku zuwa bakwai. Cinikin da ba shi da ranar rufewa kowa sai ya ce gobe. Dukkan masu zane su tallata, amma ƙofar saye ɗaya ce, littafin ciniki ɗaya ne. In kowa na karɓar oda a saƙonsa, dole a sayar da aiki guda ga mutum biyu, a koma ba da haƙuri. A littafin a sa lambar aiki, mai shi, mai saye, ranar biya, ranar aikawa da lambar bibiyar kaya.

Mai cewa “a ajiye mini” a ba shi awa 24, in bai biya ba aiki ya koma kasuwa. Hoton shaidar tura kuɗi ba kuɗi ba ne. Ma'aji ya buɗe asusu ya gani da idonsa. Akwai kuma tsohuwar damfara da ta daɗe tana cin masu zane: wani ya nuna yana so ba tare da ya tambayi komai ba, ya “yi kuskure” ya biya fiye da farashi, ya roƙi a mayar masa da rara ko a tura wa mai ɗaukar kayansa. Bayan kwanaki biyan nasa ya zama na bogi, abin da aka tura kuwa ya tafi. Duk wanda ya biya fiye da kima, a soke cinikin, a bar banki ya warware.

Wajen ɗauri, a rufe fuskar aiki da takarda mai santsi marar asid, a sa shi tsakanin kwali biyu masu tauri da suka fi shi da santimita 2 ko 3 a kowane gefe, a sa a leda saboda ruwa, sannan ambulan. Salatif kada ya taɓa aikin. Kada a aika aiki cikin firam mai gilashi. Ku ɗaure guda ɗaya tun kafin ciniki ku kai a auna, da shi za ku san kuɗin aike na gaskiya.

Riƙon asusu da rabon tallafi

A nan zumunci ke tsinkewa, don haka a nan za a fi tsanantawa. Kuɗi kada ya shiga asusun da wani ke cefane da shi, komai amanarsa. A buɗe na daban da sai mutum biyu sun amince kuɗi zai fita. Ma'aji ya riƙe lissafi, amma kada ya zama cikin masu yanke wanda za a ba. A biya masu aiki kasonsu cikin kwana 14 da rufe ciniki, tun kafin a fara rabon tallafi, domin wannan haƙƙinsu ne. Kason da mutum ya karɓa samu ne da ka iya shiga lissafin haraji, tara kuɗi daga jama'a kuma na da dokoki a ƙasashe da dama, saboda haka a binciki na ƙasar da ake ciki kafin sanarwa.

Mutum uku su zama kwamitin rabo, a sauya su duk wata shida. Mai nema ya amsa tambaya uku kawai: me ya faru, nawa ake buƙata, zuwa yaushe. A ba shi amsa cikin kwana uku. Wanda mai gida ya ba wa'adin mako ba zai amfana da taron wata mai zuwa ba, kuma doguwar takardar cikewa masu iya rubutu take taimako, ba masu larura ba. In ɗan kwamiti ne ke nema, ko ɗan uwansa, ya koma gefe a kira wani.

Buƙatu za su fi kuɗi yawa, wannan tabbas ne. Shi ya sa ake rubuta jerin fifiko tun ana dariya: lafiya, sai matsuguni, sai kayan aikin da gobara ko ruwa ko ɓarawo ya raba mutum da su. Kada mutum ɗaya ya karɓi fiye da kashi 20 na abin da ke asusu, kuma a bar kashi 20 a ƙasa don larurar da za ta faɗo kafin ciniki na gaba. Ra'ayinmu shi ne a ba da kyauta, ba rance ba. Rance na mai da abokin sana'a mai bin bashi, wanda ya kasa biya kuma sai ya daina zuwa taro, a rasa kuɗin a rasa mutumin. Wanda ya farfaɗo ya ɗaga kasonsa a ciniki na gaba.

Sirrin mai nema amana ne. Kada a sa hotonsa ko labarin ciwonsa a talla sai da yardarsa a rubuce, kuma kada yardar ta zama sharaɗin samun taimako. Abin da jama'a ke da haƙƙin sani shi ne alƙaluma: ayyuka nawa aka sayar, nawa ya shigo, nawa ya je ga masu aiki, nawa aka kashe, mutum nawa aka tallafa. A wallafa wannan cikin wata guda, ba sunaye.

Ciniki sau biyu ko uku a shekara ya wadatar. Masu sayen farko 'yan uwa ne da abokai, in aka dame su kowane wata za su daina buɗe saƙo. A nemi izinin kowane mai saye kafin a adana lambarsa don sanarwa ta gaba. Ɗaukar hoto da ɗauri da amsa saƙonni kan faɗa kan mutum biyu, to a rubuta aikin kowa da sunansa, wanda ya yi kwanaki yana ɗauri kuma a biya shi daga kason ɗawainiya. Ayyukan da ba su fita ba a mayar wa masu su cikin mako guda, kowa ya duba nasa ya sa hannu ya karɓa, kada a riƙe su da sunan ciniki na gaba sai mai su ya ce a riƙe.