Yadda ake tara kuɗin aikin unguwa ba a ƙare da faɗa ba

Mu dai a nan Garwa ta Kamaru mun yi shekaru muna wannan harka ta ƙungiyar matasan unguwa, gyaran foraj ne (rijiyar burtsatse), yashe kwata ne kafin damina, rabon kaye (littafin rubutu) da biro ga marayu in satumba ta zo, kuma wallahi abin da na gani shi ne mutanenmu ba rowa gare su ba, tsoro suke ji. An sha karɓar kuɗinsu a ce za a yi aiki, shiru kake ji kamar an shuka dusa. To duk dabarar tara kuɗi a nan take, yadda za ka cire wa mutum wannan tsoron.

Farko ku zaɓi aiki ɗaya tak wanda ido zai gani. Kar ku fito da "muna neman taimako don ci gaban al'umma", ba wanda zai sa hannu a aljihu. Ku ce famfon bakin masallaci ya lalace wata biyu ke nan, yara na tafiya har wata unguwa da jarka a zafin watan afrilu, mun kira mai gyara ya duba ga abin da ya ce za a saya ga kuɗin aikinsa. Ku sa ya rubuta a takarda, ku ɗau hoto.

Kafin ku buɗe baki a waje, ku je gaida manya. Mai unguwa, jauro ko lawan, liman, sarkin Hausawa in akwai shi a wajenku. Ku je ku uku ko huɗu, a cire takalmi a durƙusa, "ranka ya daɗe mun zo ne neman albarka da shawara". Ba kuɗi kuka je nema ba ranar, kar ma ku ambata. In liman ya yi maganar bayan sallah sau ɗaya ya fi ku yawo sati guda.

Sai maganar takarda, wadda yawancinmu muke gudu. Dokar ƙungiyoyi ta 19 ga disamba 1990 ta ce ku kai sanarwa a firefektir, wato ofishin firefe, wakilin gwamnati a yankinku, da kofi biyu na dokokin ƙungiyarku, da sunayen shugabanni da sana'arsu da inda suke zaune, in wata biyu ya wuce firefe bai ce komai ba to an amince ke nan. Kuma tun 1983 akwai dokar da ta ce neman taimako a bainar jama'a sai da izini, don haka in abin zai wuce karo-karo tsakanin membobi, za ku shiga kasuwa da akwati misali, ku fara bi ta ofishin sufirefe, wakilin gwamnati da ke ƙasa da firefe.

Yanzu ga inda ake mutuwa, riƙon kuɗi. Karon farko mu lambar wani ɗan'uwanmu muka bayar aka dinga turowa ta Orange Money da MoMo, mutumin kirki ne ba ɓarawo ba, amma layin da yake cinikinsa da shi ne, kuɗin foraj ya cakuɗe da kuɗin albasa, ranar lissafi ya zauna yana ta jan waya sama da ƙasa gumi na zuba ya kasa cewa wannan na wa ne, har yau akwai waɗanda ba sa gaisawa da shi. Laifinmu ne ba nasa ba. Ku sayi sabon layi don aikin kawai. Mai riƙe waya daban, mai rubutu a kaye daban, kuma ba a cire ko dala sai mutum biyu sun sa hannu. Kuɗin cirewa da kamfani ke yanka shi ma a rubuta shi, don shi ne yake sa lissafi ya ƙi cika a fara kallon-kallo.

Wani ƙaramin abu, mu da baki dala muke ƙirga, tsohuwa za ta miƙo ta ce ga dala ɗari, mai rubutu in bai natsu ba ya rubuta 100 alhali 500 ce. Ku tsayar tun farko komai da faran ake rubutawa. Kuma kowa a ba shi resi, ko dala ashirin ya bayar.

Ku fara da aljihunku. Membobi su zuba jaka-jaka ko abin da ya sawwaƙa, sannan a je wajen alhazai, don tambayar farko da za su yi ita ce ku me kuka tara? Kar ku raina mata, adashinsu ya fi taronmu tsari nesa ba kusa ba, ku sami uwar adashi ku yi mata bayani da ladabi, "Hajiya ga abin da ya kawo mu". 'Yan'uwa da ke Duwala da Yawunde su hoto da bidiyo suke so a WhatsApp, ku tura musu famfon a bushe. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo buhun siminti, yashi, ko ya zo da shebur ranar aikin gayya, duk a rubuta. Lokaci ma a duba, azumi hannu a sake yake, amma satumba kowa na fama da kuɗin makaranta, ba lokacin roƙo ba ne.

Duk juma'a a fitar da lissafi, abin da ya shigo da abin da ya fita, a manna a bangon shagon da kowa ke wucewa a kuma tura a gurup. Wanda ya ce kar a faɗi sunansa a rubuta "wani bawan Allah". In an gama aiki a kira mai unguwa ya fara buga ruwan da hannunsa, a karanta lissafin ƙarshe a gabansa, canjin da ya rage kuma kar a ce za a sayi lemo da shi, a bar shi a layin don robar famfo ba ta daɗewa take cinyewa.