Yadda Ake Shimfiɗa Bututun Ruwan Zafi a Ƙarƙashin Daɓen Sabon Gida

A ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Jamus da Kanada, ana ɗumama gida da ruwan zafi mai zagayawa cikin bututu ƙarƙashin daɓe. Tun ana gini ake yin sa, domin fasa daɓe daga baya asara ce.

Fara da shimfiɗa allon kumfa mai hana zafi wucewa, mai kaurin santimita 5 ko fiye, in ba haka ba zafin zai tsere cikin ƙasa. Jikin bango kuma a zagaya shi da siririn soso, don siminti ya samu wurin buɗewa idan ya ɗumama.

Sai bututun roba na PEX mai milimita 16, wanda iska ba ta ratsa shi; marar wannan kariya yana sa injin tura ruwa da tukunyar ɗumama ruwa tsatsa. Bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakanin layuka, kusa da tagogi a matse zuwa 10. Kada zagaye ɗaya ya wuce mita 100, ruwan zai huce kafin ya dawo, ƙarshen ɗaki ya yi sanyi. Kuma kada a binne mahaɗa ko ɗaya a cikin daɓe, nan yoyo yake farawa.

Kafin zuba siminti, cika bututu da ruwa, fitar da iska, ka matsa shi zuwa bar 6 (bar shi ne ma'aunin matsi) na awa 24. In allurar ma'auni ta sauka, akwai huda. A bar matsin har a gama zubi, simintin ya rufe bututu da santimita 4.5.

Masu gaggawa a nan suke ɓarna: a jira kwana 21, sannan a kunna a digiri 25 na kwana 3 kafin a ƙara. Zafi da wuri yana tsattsaga daɓe.