Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Tsara Tambayoyin Ciwon Kunne

Na'urar gwajin ji tana nuna yawan jin da mutum ya rasa, amma ba ta san ya daina zama a majalisa saboda warin ruwan da ke fita daga kunnensa ba. Takardar tambayoyi ce ke gano irin wannan, in an tsara ta da kyau.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne likitoci su zauna su kaɗai su rubuta tambayoyin. Likita hankalinsa na kan hujewar dodon kunne, shi kuwa mara lafiya damuwarsa ƙarar da ke hana shi barci. A fara da zama da marasa lafiya, a ji kalmomin da suke faɗa da bakinsu, sannan a rubuta.

Wani kuskuren shi ne ɗauko takardar ƙasar waje a fassara ta kai tsaye. HHIE, takardar tambayoyi kan matsalar ji wadda Ventry da Weinstein suka fitar a Amurka a 1982 don tsofaffi, tana tambaya ko mutum na shan wahalar ji a gidan cin abinci. Dattijon da bai taɓa zama a irin wannan wuri ba zai ce a'a, makinsa ya sauka kamar matsalarsa ba ta da yawa, alhali huɗuba ma ba ya ji. A sauya misalin da kasuwa ko taron suna. Bayan an fassara, wani daban ya mayar da ita Turanci, a gani ko ma'anar ta kauce.

Tambaya mai kai biyu ma tarko ce. "Kunnenka na ciwo yana zubar da ruwa?" Wanda ke da ɗaya kawai me zai ce? A raba ta, a kuma faɗi lokaci, misali cikin makon da ya wuce.

Ni dai ban ga amfanin "zaɓi daga 1 zuwa 10" ga wanda bai saba da takarda ba. Takardar THI ta 1996, mai auna damuwar ƙarar kunne, tambayoyi 25 gare ta, amsoshi uku kacal: e, wani lokaci, a'a.

In karanta wa mutum za a yi, a tuna kunnen ne ke damunsa. A sami ɗaki mara hayaniya, a fuskance shi, kada ɗansa ya riƙa amsawa a madadinsa. Kafin a fara aiki da takardar, a ba waɗanda ciwonsu bai canza ba su amsa ta sau biyu, mako biyu tsakani. Tambayar da amsarta ta yi ta yawo, a gyara ta ko a cire.