In akwai kangon fili kusa da gidanku, ku kira 940

Salamu alaikum 'yan uwa na Jidda da Makka. Akwai wani fili a bayan gidanmu da mai shi ya yi watsi da shi, ciyawa ta kai gwiwa, ga tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. Da aka yi ruwan hunturu sai suka cika da ruwa. A irin wannan ruwan sauron zazzabin dengi yake ƙyanƙyasa, kuma da rana yake cizo. Kwana huɗu ƙaramar 'yata tana kwance, jiki zafi rau, ko ruwa ba ta iya riƙewa.

Tsabtace fili haƙƙin mai shi ne, baladiyya, wato hukumar birni, kuma tana cin tara a kan zubar da shara da ɓaraguzan gini. Ku kira 940, layin kai ƙorafi na baladiyya, ko ku ɗauki hoto ku tura ta manhajar Balady da wurin a taswira. Za a ba ku lambar ƙorafi, ku adana ta don bibiya.

Don Allah kada ku cinna wa ciyawar wuta, gidaje a manne suke. Kafin ma'aikatan baladiyya su zo, ku kife duk gwangwanin da ruwa ya kwanta a ciki.