Juna biyu da wurin aiki: kurakuran da ke jawo wa mata asarar haƙƙinsu a Kebbi

Sau da yawa ba takardar kora ake miƙa wa mai juna biyu ba. Mai makaranta a Birnin Kebbi, ko mai asibiti a Jega, ko manajan wani kamfani a Argungu zai kira ta ofis ya ce, "Malama, ki je ki huta, in Allah ya sauke ki lafiya sai mu yi magana." Ta yi godiya ta tafi. Bayan arba'in ta dawo ta tarar an ɗauki wata, albashin watannin da ta yi a gida kuma babu mai tada zancensa. Ba ta da ko layi ɗaya a rubuce da zai nuna hutu aka ba ta, ba ita ta gudu ba.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yi mana ɓarna: yarda da maganar baki. 'Yar'uwa, komai kirkin maigidanki na aiki, ki rubuta takardar neman hutun haihuwa, ki sa ranar da za ki fara da ranar da za ki dawo. Ki yi kwafi biyu, a sa hannu da kwanan wata a kan naki, ki kai shi gida ki adana. In an ƙi sa hannu, ki ɗauki hotonta ki tura ta WhatsApp zuwa lambar shugaban, kada ki goge saƙon.

Kunya ce take hana mu yin haka, musamman a cikin fari. Mace za ta yi ta ɓoye cikin da babban hijabi, laulayi na cin ta, tana fashin aiki ba tare da ta faɗi dalili ba, har a rubuta mata takardar tuhuma. Kunya tarbiyyarmu ce, ba na ce a yar da ita ba. Amma takarda tana sauƙaƙa abin, domin abin da baki ba zai iya furtawa a gaban namiji ba, likita zai rubuta shi. Kuma doka takardar likitan take nema. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce mace tana da ikon barin aiki idan ta kawo shaidar likita mai rajista cewa ana sa ran haihuwarta cikin mako shida. A lura, likita aka ce. Mata da dama suna miƙa katin awo daga ƙaramin asibitin unguwa su ɗauka sun gama. Ki je babban asibitin garinku, ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya in kina Birnin Kebbi, ki karɓi takarda mai sa hannun likita da hatimi.

Bayan haihuwa kuwa, sashen bai yarda a sa ki aiki ba har sai an cika mako shida, wato kwana 42, kusan daidai da arba'in ɗinmu ta jego. Gaba da baya mako 12 ke nan. Idan kin yi wata shida ko fiye kina aiki a wurin ba yankewa kafin tafiyarki, ba za a biya ki ƙasa da rabin albashi ba. In kin dawo kina shayarwa, kina da rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki. Ba a kuma yarda a ba ki takardar sallama kina cikin hutun ba, ko wadda wa'adinta zai cika kina ciki. Haka nan in likita ya shaida cewa rashin lafiyar da ciki ko haihuwa ta jawo ce ta ƙara tsare ki. Kuɗin asibiti dai wannan sashe bai ɗora wa mai aiki ba, kada ki ɓata ƙarfinki a kansa sai in yarjejeniyarku ta ambata.

Wasu kuma sukan je da hujjar da ba tasu ba. An ji Kaduna da Legas suna ba ma'aikatansu wata shida, ko ma'aikatan tarayya suna samun abin da bai gaza mako 16 ba da cikakken albashi, sai malamar makarantar kuɗi ta shiga ofis tana neman haka. Waɗancan ƙa'idojin aikin gwamnati ne. Ma'aikaciyar jiha ko ƙaramar hukuma ta nemi jami'in kula da ma'aikata ya nuna mata abin da ƙa'idar ta ce a rubuce. Ta wurin masu zaman kansu kuma ta fara da takardar ɗaukarta aiki, domin dokar ƙwadago ta ware masu aikin gudanarwa da na ƙwararru daga waɗanda take kira ma'aikata, su haƙƙinsu yana cikin yarjejeniyarsu. Abin da ke damuna shi ne yawan matan da suka yi shekaru suna koyarwa ba su da wannan takarda, alhali sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Ki nema tun kafin ciki ya fito. In babu, saƙonnin shigar albashi daga banki, katin shaida da jadawalin aiki mai sunanki duk shaida ne.

Kada ki rubuta takardar ajiye aiki don an matsa miki. Ana yin haka ta hanyar ƙara wa mace nauyi, ko tsayuwar yini guda, ko gatse a gaban abokan aiki, har ta gaji ta ce ta haƙura. Wani lokaci ma su za su rubuto su ce ki sa hannu "don a biya ki kuɗinki". Da zarar kin sa, za a ce da ƙafarki kika tafi, kuma warware wannan a gaban alƙali aiki ne babba. Ki ce, "Ranka ya daɗe, bari in je da ita gida in karanta." In aikin ya fi ƙarfinki, likita ya rubuta cewa kina buƙatar sassauci, ki haɗa da wasiƙarki.

Maza kuma, ku yi haƙuri da zuwa wurin aikin matanku cikin fushi. Hayaniya a bakin ƙofa tana ba shugaba abin fakewa. Raka ta ofishin da ya dace ya fi amfani.

Ofisoshin suna nan. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da ofishi a Birnin Kebbi, jami'anta kan kira ɓangarori biyu don sulhu. Akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Mai ƙungiya, kamar NUT ta malamai ko ta ma'aikatan jinya da ungozoma, ta fara da shugabannin reshenta. In sulhu ya gagara, ba kotun majistare ko ta shari'a ake kai ƙarar ba. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, rikicin aiki na Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne, tana kuma da reshe a Sakkwato. Kotun ta taɓa yanke hukuncin cewa korar mace saboda ciki wariya ce da tauye mutunci, ta sa aka biya diyya. Kada ki jira sai kin yaye. Ki haɗa takardunki a jaka ɗaya tun kina jego, ki aiki miji ko ɗan'uwa ya shigar da ƙorafin a rubuce, ya dawo miki da kwafin da aka buga wa hatimi.